Guntun Gatarinka: Tarihin Zaman Bahaushe da Inji

A farkon watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga birnin Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufa. Ya tarar da ƙasa guda tana ci tana sha daga zare: mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini, mabuga na bugu, fatake kuma na ɗora kaya bisa raƙuma zuwa Tambutu da Gat har Tarabulus. Wata shida bayan haka, ranar 12 ga Agusta, hukumar Amurka ta ba wani mutum mai suna Isaac Singer takardar mallakar fasahar keken ɗinkinsa. Babu wanda ya ji labarin a kasuwar Kurmi, kuma ko da an ji, ba mai barin cinikinsa ya saurara. Amma daga wannan shekara zuwa yau, kusan duk aikin da Barth ya ga hannu yana yi a Kano, inji ya karɓe shi ko ya raba shi da hannun.

Mu da muke zaune a Alibandeng da sauran unguwannin Libreville, wannan tsohon labari ya shafe mu fiye da yadda muke zato. Markaɗe inji muke kai wa. Wutar gida ta waya muke sayenta mu loda a mita. Kuɗin da za a aika wa tsohuwa a Oyem ko Garwa ko Maraɗi ya daina jiran matafiyi. Yanzu kuma ga na'urar da ke rubuta wasiƙa, ta yi fassara, har ta yi wa yaro aikin makaranta. Duk inda aka zauna hira za ka ji dattijai na cewa zamani ya sangarta yara, matasa kuma na cewa dattijai tsoron abin da ba su sani ba suke yi. Gardamar ta ƙi ƙarewa domin kowane ɓangare yana riƙe da tasa gaskiyar. Abin da zai raba ta shi ne a duba yadda ta kaya a baya, tun da ba yau Bahaushe ya fara karo da inji ba. Wanda ya bi sawu zai ga cewa rage wahala dai kowane inji ya rage. Inda jama'a ke rabuwa biyu, masu riba da masu asara, shi ne wajen mallaka: a hannun wa injin yake, kuma wa ya san cikinsa.

Mazari da keke

Kafin riga ta hau jikin mutum a zamanin Barth, sai ta bi hannu da yawa. Manomi ya noma auduga, mace ta gurje ta ta fitar da angurya, ta yi shiɓa, sannan ta ɗauki mazari da alli ta zauna kaɗi. Masaƙi ya saƙa sawaye, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buge da shuni har ƙyalle ya ɗauki ido. Garin Kura ya yi suna da irin wannan baƙin yadi mai walƙiya, wanda Buzaye ke naɗawa har cikin Sahara. Kaɗi kuwa shi ne asusun mace. Da shi tsohuwa ke sayen goronta, da shi uwa ke tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, ba tare da ta fita ƙofar gida ba.

Injinan da suka karya wannan sana'a ba a ƙasar Hausa aka kafa su ba. Masaƙun Manchester a Ingila suna fitar da yadi a yini ɗaya wanda unguwa guda ta masaƙa ba za ta saƙa a shekara ba. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ba ya bukatar gonar baba. Saƙar Kano ba ta faɗi dare ɗaya ba, ta yi shekaru masu yawa tana kokawa, amma zaren inji ya riƙa cin na mazari a hankali, musamman bayan da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957. Amfanin a bayyane yake, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi: talakan da a da riga ɗaya yake da ita ta Juma'a da Salla ya sami abin sauyawa, yara suka daina yawo da warki. Sai dai wadda ta biya farashin wannan sauƙi ita ce mai mazari, domin ba macen da za ta iya sayen masana'antar kaɗi ta ajiye a ɗakinta. Dubban mazan da suka bar gona da sana'ar gado suka shiga masaƙun Kaduna su ma ba su tsira ba. Tsadar wuta da kwararar yadi mai araha daga Asiya suka durƙusar da masaƙun. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi ta a 2007. Ma'aikacin da ya yi shekara ashirin yana tsaye gaban injin wani ya koma gida hannu rabbana, ba injin, ba kuma saƙar kakansa.

Keken ɗinki kuwa ta wata hanyar ya bi. Shi ma da tsoro aka tarbe shi. A Faransa, wani tela mai suna Barthélemy Thimonnier ya yi rajistar kekensa a 1830, ya buɗe wurin ɗinkin kayan soja a Paris, ba a jima ba teloli 'yan'uwansa suka far wa wurin suka farfasa kekunan don gudun kada a raba su da abincinsu. Abin da ba su hango ba shi ne ƙanƙantar keken. Tun 1856 kamfanin Singer ya fara sayar da shi a biya kaɗan-kaɗan. Ba ya neman lantarki, ƙafa ce ke tuƙa shi, idan ya cije kuma mai shi na iya kwance shi ya zuba mai ya mayar. Da ya iso ƙasar Hausa sai maɗinka suka karɓe shi hannu bibbiyu, ɗinki ya ƙaru, teloli suka yawaita, har ya zama duk zangon da Bahaushe ya sauka, daga Kumasi zuwa Yawunde zuwa nan Libreville, za ka ji ƙarar keke kafin ka ga mai shi. Da injin yi wa riga ado ya zo, daga baya na kwamfuta ya biyo, aikin allura bai mutu ba. Ya koma na alfarma, aska biyu da aska takwas na hannu suka fi na inji daraja da kuɗi. A birnin Zariya ma matan da kaɗi ya suɓuce musu su ne suka ɗauki allura suka shiga aikin manyan riguna, wanda a da na maza ne.

Auduga ɗaya ce, zamani ɗaya ne. Inji guda ya tashi mai sana'a daga wurin zamansa, inji guda kuma ya ƙara masa ƙarfi. Masu iya magana sun riga sun yanke hukuncin: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Jirgi da fatake

Kakanninmu fatake ne, kuma fatauci aikin ƙafa ne. Ayari na tashi daga Kano zuwa Gwanja da jakuna ɗauke da kanwa da tufa da fata, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki, ya yi watanni kafin ya komo da goro. Ta gabas kuma fatake sun bi Adamawa, suka sauka Ngaundare da Banyo da Tibati, suka gangara kurmi neman hauren giwa da danƙo da goro. Inda ƙudan tsando ya hana jaki shiga, kai ne ya ɗauki kaya. Ta wannan hanya Hausawa suka iso arewacin Gabon, suka zauna a Bitam da Minvoul da Oyem. Tsakanin 1911 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ma yankin Woleu-Ntem yana hannun Jamus haɗe da Kamaru, ba iyakar da ta raba su.

A wannan shekara ta 1911 ne titin jirgin ƙasa ya isa Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Tafiyar fiye da kilomita 1,100 zuwa Ikko ta koma ta 'yan kwanaki. Fataucin Sahara, wanda dama ya fara rauni, ya ƙarasa mutuwa. Madugai da masu jakunan doguwar hanya da garuruwan da ke rayuwa da saukar baƙi suka ga abinci na janyewa daga gabansu. Turawa auduga suka gina titin domin ta, suna so su ciyar da masaƙunsu na Ingila. Amma attajiran Kano, waɗanda suka goge a cinikin goro, sun yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi biyan manomi. Suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da yadi da kuɗi, suna ba da bashi a biya da gyaɗa. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, abin da ya ninka na shekarun baya sau da yawa, har jirgi ya kasa kwashewa.

Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, shi ne babban misalin wanda ya hau injin maimakon ya tsaya gabansa. Tun kafin gyaɗa ya gane cewa goro zai fi saurin isa idan aka ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar da yau ake kira Ghana zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya zo sai ya zama babban mai sayen gyaɗa, har ana ba da labarin cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, raƙuma ashirin ne suka kai kuɗinsa na azurfa. Ɗantata bai mallaki jirgin ba, amma ya riƙe abin da jirgin ba ya iya yi: sanin manomi, sanin wanda za a ba bashi, da sunan da ake yarda da shi daga Kano zuwa Kumasi.

Duk da haka akwai darasi na biyu a cikin dalar gyaɗa. Ƙasa guda ta jingina da amfanin gona ɗaya, titi ɗaya da masu saye na ƙetare. Farin 1973 da annobar cutar gyaɗa ta 1975, haɗe da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, suka share dalar daga filayen Kano. Mu ma yau albasa da tumatir da shanun da da yawanmu ke ci da su a kasuwar Mont-Bouët, manyan motoci ne ke kawo su ta iyakar Kamaru, su bi Bitam da Oyem su gangaro. Duk wanda ya taɓa jiran mota da ta maƙale a hanya lokacin damina ya san nauyin jingina da hanya guda.

Turmi da injin niƙa

Idan akwai injin da babu mai hankalin da zai yi fatan a mayar da shi inda ya fito, to injin niƙa ne. Kafin tuwon dare ya sauka, mace ta yi sussuka, ta yi shiƙa, ta yi surfe, ta wanke, ta shanya, sannan ta durƙusa gaban dutsen niƙa ko ta koma turmi, ta yi tankaɗe ta sake ribɗi. Kullum haka, da ciki da goyo, tun asuba. Masu yabon zamanin da galibi ba su ne suka riƙe taɓarya ba. Injin da ke aiki da gas, wanda ya bazu a garuruwa da ƙauyuka a rabin ƙarni na 20 na biyu, ya mayar da aikin sa'o'i na 'yan mintoci. Lokacin da ya rage shi ne ya zama na Islamiyya, na sana'a, na hutun ƙugu da kafaɗa, kuma shi ne ya ba yarinya damar zama a aji.

Sai dai shi ma ya zo da nasa lissafin. A da akwai dakau da niƙau, wato daka da niƙa don a biya, kuma da su gwauruwa da matar talaka ke samun na cefane daga gidajen masu hali. Da inji ya zo, wannan ɗan kuɗi ya tashi daga hannun mata masu yawa ya koma aljihun mutum ɗaya, mai inji, wanda kusan kullum namiji ne. Lugude ya yi ƙaranci, waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda da su mace ke faɗa wa kishiya da uwar miji abin da baki ba ya iya faɗa kai tsaye, suka rasa wurin zama. Haƙoran ƙarfen injin kuma suna cinyewa, abin da ya cinye kuwa cikin garin yake tafiya.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a jihar Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Tsadar zinariya ta sa mutane suna kwaso duwatsun ma'adini zuwa cikin gari, suna niƙa su da irin injinan niƙan hatsi, mata kuma na dakawa a tsakar gida. Duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci da hannun yara, aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai kuma suka kamu da gubar. Inji ba ya tambayar abin da aka zuba masa. Ya niƙe dutse da irin biyayyar da yake niƙe dawa, ya kuma yi shi da saurin da hannu ba zai kai ba, don haka ɓarnar ma ta yi sauri. Sanin abin da ya kamata a zuba da wanda bai kamata ba yana nan wuyan mutum.

Famfo da ɗan garuwa

A 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Kano, wanda aka yi da kuɗin baitulmalin En'e, ana jawo ruwan daga kogin Challawa. Wanda ya ga ruwa na zuba daga bakin ƙarfe a wannan rana zai rantse cewa sana'ar ɗan garuwa ta zo ƙarshe. Yau an haura shekara 90, ɗan garuwa na nan. Ya dai sauya garwa da jarka, ya sauya sanda da kura. Abin da ya raya shi shi ne ranakun da famfo ke yin shiru. Mu nan ba sai an ba mu labari ba: muna zaune a birnin da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, amma ba gidan da bai tanadi duro da jarkoki ba. Kowane inji yana da ranar tsayawa, kuma a ranar ne ake gane gidan da ya yar da tsohuwar dabara da gidan da ya adana ta.

Amana da waya

Dukiyar Bahaushe a baƙon wuri amana ce. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda cinikin shanu da goro ke gudana a can. Mai shanu daga arewa ya sauka gidan maigida, dillalin maigida ya sayar wa mahauta Yarabawa bashi, ba takarda ba sa hannu. Idan mahauci ya ƙi biya, maigida ne ke cikawa daga aljihunsa don kare sunansa. Haka saƙo da kuɗi ke tafiya tsakanin zango da zango, a hannun wanda aka san ubansa. Da irin wannan tsari kakanninmu suka tsaya da ƙafafunsu a ƙasar da ba su da gona ba su da sarauta.

Yanzu waya ta karɓi rabin wannan aiki. Airtel Money da Moov Money sun sa kuɗi na isa kafin a ajiye waya, ɗan kasuwa ya huta da ɗaura kuɗi a ƙugu a hanyar dare, mace kuma ta sami asusun da ba wanda ya san abin da ke ciki sai ita. Wannan alheri ne babba. Amma shekarar 2023 ta nuna mana ɗaya fuskar har sau biyu. A Nijeriya, bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a watannin Janairu da Fabrairu, aka tura kowa ga tura kuɗi ta waya, hanyoyin bankuna suka cushe, mutum na da kuɗi a asusu amma ya kasa sayen mudun gari, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. A nan Gabon kuma an yanke intanet da yammacin 26 ga Agusta, ranar zaɓe, ba a mayar ba sai 30 ga wata. A waɗannan kwanaki, wanda ya ci abinci cikin kwanciyar hankali shi ne mai ɗan kuɗi a hannu da wanda mai kanti ya san fuskarsa.

Akwai kuma abin da ya fi shafar marasa rinjaye irinmu. Maigida yana sanin mutum ko da sunansa ya sauya a baki, kwamfuta kuwa baƙaƙe kawai ta sani. Wanda aka rubuta Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamadou a katin shaida, Muhammadu a takardar makaranta, mutum uku ne a wurinta, kuma ba a yi mata rantsuwa ba a kawo mata shaidu. Ɗan damfara ma ya samu ƙofa: a da sai ya zo zango an ga idonsa, yanzu murya ce kawai a waya tana neman lambar sirri. Duk aikin da muka miƙa wa na'ura, mun miƙa shi ne ga dokokin wanda ya tsara ta, kuma bai san da zamanmu ba lokacin da yake tsarawa.

Injin da ya zo neman aikin kai

Injinan da muka lissafa duk aikin gaɓoɓi suka ɗauka: hannu, ƙafa, kafaɗa. Na yanzu aikin kai yake nema. Tun Disamba 2013 manhajar fassara ta Google ta sa Hausa cikin harsunanta, a Nuwamba 2022 kuma ChatGPT ya fito, aka shiga zamanin da ake kira na ƙirƙirarriyar basira. Ga dattijon da ya yi karatun allo bai yi na Faransanci ba, wannan buɗi ne: zai iya fahimtar takardar da hukumar gari ta aiko masa, ya rubuta amsa, ba tare da ya kai sirrinsa gaban ɗan maƙwabci ba. Ga tela da mai kanti, lissafin kaya da na bashi ya yi sauƙi.

Haɗarin kuwa iri biyu ne. Na farko, na'urar tana yin kuskure da murya irin ta mai gaskiya, kuma Hausarta ba ta kai Faransancinta ba, domin rubutun Hausa da ta koya daga gare shi kaɗan ne. Harshen da ƙugiya ɗaya ke raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ba a sakar wa wanda bai ƙware ba shi ba tare da an duba bayansa ba. Mai dubawar kuma dole ya fi na'urar sani. Na biyu ya fi zurfi. Matar da ta daina daka ba ta manta ɗanɗanon tuwo ba, amma yaron da na'ura ta yi wa rubutu da lissafi tun yana aji uku bai taɓa mallakar abin da zai manta ba. 'Yan'uwanmu da suka taso a Maraɗi ko Damagaram suna ƙirga sefa da dala, kowace dala tamma biyar, su haɗa su raba da ka kafin mai na'ura ya gama latsawa. Wannan kaifi a kasuwa aka wasa shi, ta yawan yi. 'Ya'yanmu da ke tasowa a nan, Faransanci suke ji a makaranta da titi da cikin waya. Hausa a tsakar gida kaɗai ta rage musu. Idan gaisuwar da za a aika wa kaka ma sai na'ura ta fassara, to zaren da ya haɗa Alibandeng da Kano ya koma hannun kamfanin da ke wata nahiya, kamar yadda zaren mazari ya koma Manchester.

Abin da awo ya nuna

Farfasa keke bai ceci telolin Paris ba, kuma ba wanda zai ce matanmu su koma dutsen niƙa don a ji daɗin waƙa. Duk aikin da wahala ce zalla, wanda yinsa ba ya ƙara wa mai yi sani ko daraja, a bar wa inji shi da godiya. Aikin da a cikin yinsa ne ake koyon sana'a, ko ake ƙulla amana, ko ake riƙe harshe, shi ne ake miƙawa da taka-tsantsan, bayan an tabbata yaro ya iya shi da hannunsa da kansa.

Tarihin ya kuma nuna inda ya kamata mu sa ƙarfi. Al'ummar da ba ta da yawa ba za ta hana inji zuwa ba, amma tana iya zaɓar ta zama tela mai kekensa maimakon ma'aikacin masaƙar wani. A cikin yaran da muke turawa koyon ɗinki da fawa da tireda, ya kamata a ware waɗanda za su koyi gyaran waya da injin aiki da haɗa wutar rana da rubuta manhaja, domin kuɗin da muke kashewa a waɗannan wurare ya riƙa juyawa a tsakaninmu. Adashin mata na iya sayen injin markaɗe ya zama nasu, yadda kuɗin dakau zai koma inda ya fito. Mai kanti ya riƙe littafin bashinsa na takarda ko da yana da na waya. Iyaye su daidaita rubutun sunayen 'ya'yansu a kowace takarda tun daga ta haihuwa. Tela ya koya wa almajirinsa yanka da allura kafin ya ɗora shi kan injin kwamfuta. A gida kuma a bar yaro ya gaida kakarsa da bakinsa, ko da Hausar tasa na tuntuɓe, domin da tuntuɓen ake gyara ta.

Turmin da ke bayan ɗaki kada a yar da shi. Ba ya cin wuta, ba ya jiran intanet, kuma har yau masu sanin fura sun san bambancin wadda aka daka da wadda aka markaɗa.